Sojan da Aka Saya Kafin a Haife Shi: Nazari Kan Kwafaffun Mutane a Star Wars

A fim ɗin Attack of the Clones, wanda George Lucas ya fitar a 2002 cikin jerin Star Wars, akwai wata gaɓa da ta isa ta tsayar da labarin cak, amma aka bi ta kanta aka wuce. Obi-Wan Kenobi, ɗaya daga cikin 'yan Jedi, mayaƙan nan masu gudun duniya da labarin ya ɗora wa tsaron adalci a Jamhuriyar taurari, ya sauka a wata duniya mai suna Kamino, sai shugaban wurin ya zaga da shi yana nuna masa haja. Ga 'yan tayi jere cikin kwalabe, ga yara a aji ana cusa musu darasi, ga samari a layi suna karɓar hular ƙarfe, kuma dukkansu fuskarsu ɗaya, domin kwafin mutum guda ne, wani sojan haya da ake kira Jango Fett. Mai masaukin ya ce dubu 200 sun kammala, miliyan ɗaya na nan tafe. Ya ƙara da cewa an taɓa ƙwayoyin halittarsu don su rage taurin kai su riƙa bin umarni ba musu, an kuma ninka saurin girmansu, ta yadda ɗan shekara 10 zai tsaya kamar ɗan 20. Abin da ya ɗaure wa Obi-Wan kai shi ne wanda ya ba da kwangilar. Bai tambayi kowa da wane haƙƙi aka sayar da mutanen nan ba, majalisar Jedi da ya kai wa rahoto ita ma ba ta tambaya ba, kafin fim ɗin ya ƙare kuwa dattijonsu Yoda ya je ya kwaso rundunar ya kai ta fagen fama. Ra'ayina shi ne waɗannan kwafaffu cikakkun mutane ne, 'ya'ya ne da aka bautar, kuma duk mai son sake saƙa wannan labari, in bai tuhumi waɗanda suka karɓe su hannu bibbiyu ba, to bai gyara komai ba.

Star Wars ba ta kama ƙafar fina-finan Indiya a farin jini a ƙasar Hausa ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma a unguwa irin Runjin Sambo ta Sakkwato, inda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke kai da komo, matashi kan shiga shagon masu tura fina-finai a waya ya fito da na Indiya da na Koriya da na Amurka, da yawansu an riga an sa musu muryar Hausa. Wanda ya san aikin masu fassara irin na Algaita a Kano ya san cewa mai fassara alƙali ne a ɓoye: da lafazin da ya zaɓa yake nuna wa mai kallo wanda zai tausaya wa da wanda zai yi wa dariya. Sake saƙa labarin wasu kuwa tsohuwar sana'a ce a wurinmu. Abubakar Imam ya ɗebo daga tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa ya gina Magana Jari Ce, Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekara takwas kafin fim ɗin farko na Star Wars. Su kansu masu labarin sake saƙa shi suke yi, musamman tun da kamfanin Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 kan sama da dala biliyan 4. Saboda haka batun yadda ya kamata a sake ba da shi ya shafe mu, kuma tarihinmu ya ba mu ma'aunin da mai kallo a wasu wurare ba shi da shi.

A fim ɗin farko na 1977 an ambaci yaƙin kwafaffu ne a fatar baki, a matsayin wani tsohon yaƙi da ya wuce. Da Lucas ya zo nuna yaƙin a 2002 da 2005, sai ya jera sojojin ƙarfe a ɓangare guda, kwafaffu a ɗaya ɓangaren. Amfanin wannan tsari ga mai shirya fim ɗin yara a fili yake: za a yi ta kisa ba tare da an bar gwauruwa ko maraya ba, ba uwar da za a nuna tana kuka, ba garin da za a kai wa gawa. Ko wajen ɗaukar fim ɗin ma, sojojin da ke cikin sulke da kwamfuta aka zana su, fuskar Temuera Morrison, ɗan ƙabilar Maori ta ƙasar Niyuzilan, ita aka riƙa maimaitawa duk inda aka cire hula. A farkon Revenge of the Sith, fim ɗin 2005, lokacin da ake kakkaɓo jiragen kwafaffu, Anakin, almajirin Obi-Wan wanda daga baya ya bar tafarkin Jedi, ya so ya juya ya taimake su, Obi-Wan ya hana shi da hujjar cewa aikinsu suke yi. Haka fina-finan nan biyu suka ɗauke su, harsashi mai ƙafafu, kuma wannan ɗauka ita ce ya kamata a fara gwadawa.

Shin kwafaffe mutum ne? Tambayar ta daina zama ta almara tun ranar 5 ga Yuli 1996, lokacin da aka haifi tunkiyar nan Dolly a cibiyar Roslin ta Sikotilan, bayan an gwada ƙwai 277 aka samu ɗaya. Yadda ake yi shi ne a ɗauko cibiyar ƙwayar jikin dabba babba, a sa ta cikin ƙwan da aka cire wa tasa cibiyar, a dasa a mahaifa. Ba wanda ya halicci komai daga babu, abin da Allah ya riga ya halitta aka juya. Daga baya an kwafi raƙuma a Dubai a 2009, an sanar da kwafin birai a Sin a 2018. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a tsakiyar 1997 ta haramta kwafin ɗan Adam, ta bar ƙofa ga dabbobi da tsirrai bisa sharuɗɗa, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta fitar da sanarwar ƙin amincewa a 2005. Na yarda da wannan hani, don dalilansa masu ƙarfi ne: rikita nasaba, asarar 'yan tayi, da mayar da haihuwa masana'anta. Sai dai mutane da yawa kan zame daga haramcin aikin su faɗa raina wanda aka samar, alhali addininmu ya raba biyun tun tuni. Yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba, laifin na iyayensa ne, shi kuwa jininsa haram ne, ana yi masa salla in ya mutu, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa ba ran da ke ɗaukar nauyin wani. Game da ruhi kuma, tagwaye masu kama ɗaya sun ishe mu hujja: daga ƙwai guda suka fito, ƙwayoyin gadonsu ɗaya, amma ba malamin da ya taɓa cewa Hassan da Husaini rai guda suke rabawa, ko a yi wa ɗaya hisabi da aikin ɗan'uwansa. Kama da wane ba wane ba ne. Wanda ke magana, yana jin zafi, yana tsoron mutuwa, yana rarrabe daidai da kuskure, ya cika sharuɗɗan da ake ɗora wa mutum hukunci da su, wanda kuwa ake iya ɗora wa hukunci dole a ba shi haƙƙi.

Idan mutum ne, sai tambaya ta biyu, wadda Sakkwato ta fi kowa sanin nauyinta: ɗa ne ko bawa? Malaman wannan yanki sun yi ƙarnuka suna kokawa da batun wanda ya halatta a mallaka. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta Mi'iraj al-Su'ud a 1615 yana ƙaryata masu ganin baƙar fata hujja ce ta bauta, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da ba a bautar da mutanensu. Rikicin da ya kai Shehu Usmanu ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 ya yi tsanani ne bayan mayaƙan Gobir sun auka wa Gimbana, garin Abdussalami, suka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Ba za a ɓoye sauran labarin ba. Daular da ta biyo baya ba ta soke bauta ba, ta ma faɗaɗa ta, har masana tarihi Lovejoy da Hogendorn suka ƙiyasta bayin da ke cikinta wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Runji, wanda Kanawa da Zazzagawa ke cewa rinji, ƙauyen gona ne inda bayi ke zaune suna noma wa mai gandu, kuma ga kalmar nan har yau a goshin sunan unguwar da muke magana a kanta. Amma abin lura shi ne ko a wancan zamani, da dokar da ta halatta bauta, cinikin Kamino ɓatacce ne. Ƙa'idar malamai ita ce asalin ɗan Adam 'yanci, mai da'awar mallaka shi zai kawo hujja. Hanyoyin bauta a littattafan fiƙihu biyu ne, kamu a yaƙi ko haihuwa daga uwa baiwa. Kwafaffe ba a kama shi a yaƙi ba, ba kuma baiwa ce ta haife shi ba. Mafi kusa da shi a babukan fiƙihu shi ne yaron tsintuwa, wanda ba a san iyayensa ba, kuma hukuncin Sayyidina Umar da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa shi ne irin wannan yaro ɗa ne, ciyar da shi na kan baitulmali. Hadisin Bukhari kuma ya sa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Hausawa suka ce ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Yaran Kamino na kowa ne, Jamhuriya kuwa, maimakon ta raine su daga baitulmalinta, sai ta ɗebi kuɗin baitulmalin ta saye su.

Ba za a ce labarin bai san da bauta ba. Fim ɗin 1999 ya nuna Anakin yana yaro bawa tare da uwarsa Shmi a duniyar Tatooine, an dasa musu na'urar da za ta fashe in sun gudu, Padme, wadda daga baya ta zama matarsa, tana mamaki domin dokokin Jamhuriya sun hana bauta. Jamhuriyar da ke alfahari da wannan doka ita ce bayan shekara 10 ta karɓi runduna sukutum da aka saya da kuɗi. Marubuciya Karen Traviss ta fara tono wannan a littattafanta tun 2004, sannan shirin katun na The Clone Wars, wanda aka fara a 2008 ƙarƙashin Dave Filoni, ya ba sojojin sunaye da halaye. A kashin farko Yoda ya sa wasu uku suka cire huluna ya shaida musu cewa kowannensu daban yake. An nuna Cut Lawquane, wanda ya gudu daga yaƙi ya yi aure ya kama noma. An nuna Rex da Fives da Echo, har mai kallo ya san su ya so su. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma shi ya sa yara da yawa suka taso suna ganin kwafaffu mutane. Amma a duba yadda aka rarraba maganar. Sojan da ya fito ƙarara ya kira halin da suke ciki bauta, wato Slick, maci amana aka mai da shi, wanda ya sayar da 'yan'uwansa ga abokan gaba, don haka maganarsa ta faɗi tare da shi. Jedin da ke kiran su da lamba yana tura su mahallaka, Pong Krell, daga baya aka gano ya riga ya bar tafarki. Ta haka aka tara muguntar a kan mutum ɗaya ɓatacce, aka wanke tsarin da ya ba shi ikon. Mai kallo ya zubar da hawaye, amma ba a nuna masa wanda zai tuhuma ba.

Masu kare 'yan Jedi sukan ce ai sun riƙe sojojin da mutunci, suna shiga gaba a fagen fama, sojojin kuma da bakinsu suke cewa suna alfahari da aikinsu. Tarihin fadar Kano ya amsa wannan. Tun zamanin Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, bayin sarki irin Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka riƙe dawaki da gandaye da ƙofar shiga wurin sarki, daga baya har da rundunar 'yan bindiga. Sun yi dukiya, hakimai na shakkarsu, kuma amanar da ke tsakaninsu da sarki ba ta ƙarya ba ce. Duk da haka a idon shari'a dukiya ne, kuma 'ya'yan da bayi mata suka haifa musu cucanawa ne, sun gaji matsayin tun daga zanen goyo. Sarki ya dogara da su ne daidai saboda ba su da dangin da za su jingina da shi kuma ba su da hanyar neman sarauta. Dalilin da ya sa Palpatine, shugaban Jamhuriyar da ya kitsa yaƙin a ɓoye, ya so kwafaffu ke nan, sojan da ba shi da gari, ba shi da ƙuri'a, ba shi da uwar da za ta yi kururuwa a ƙofar majalisa. Kyautatawar ubangida tana rage zafin bauta, ba ta mai da ita 'yanci. Yardar da suke furtawa kuwa, yarda ce da aka gina da gangan, a jikin wanda aka rage masa ƙarfin cewa a'a tun yana ɗan tayi, aka rufe shi a bariki tun ranar farko, aka tura shi yaƙi yana da shekara 10 a lissafin kalanda. Ko a cinikin akuya alƙali ba zai karɓi yardar da mai saye ya ƙera da hannunsa ba. Bawan rinji ma yana da murgu da fansa, hanyoyin da zai bi ya sayi kansa, sojan Kamino ko wannan ba a bar masa ba, in ya tafi sunansa ɗan tawaye.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce larura. Jamhuriya ba ta da soja, abokan gaba sun tara miliyoyin sojojin ƙarfe, 'yan Jedi na gab da ƙarewa a filin Geonosis inda aka fara yaƙin, to me Yoda zai yi? Ana iya ba shi uzuri a wannan yini. Amma malamai sun ce larura ana auna ta da gwargwadonta, kuma yaƙin shekara uku ya yi. A cikin shekarun nan ba a ga 'yan Jedi sun je majalisa sun nemi a 'yanta sojojin ba, ko a yanka musu albashi, ko a tambayi kowannensu in yana son ci gaba, ko a dakatar da dasa sababbin 'yan tayi. Shirin katun ɗin ma ya nuna majalisa tana muhawara kan sayo ƙarin kwafaffu miliyan 5, kuma gardamar duk a kan bashin banki ne da wahalar da talakawa za su sha, har Padme mai adawa da ƙudurin ta wannan ƙofa ta shigo. Jamhuriya mai duniyoyi dubbai ba ta rasa 'ya'yan da za su kare ta ba, ta dai zaɓi kada nata su mutu. Wannan shi ne ainihin laifin, kuma na jama'a ne gaba ɗaya.

Inda sake saƙar ta fi yin ɓarna a ganina shi ne batun Umarni na 66. A fim ɗin 2005 Palpatine ya ba da umarni, sojojin suka juya suka harbe shugabanninsu 'yan Jedi. Kwamanda Cody ya miƙa wa Obi-Wan takobinsa da ya faɗi, jim kaɗan ya sa aka buɗe masa wuta. Ba a yi bayani ba, kuma rashin bayanin ya bar tambaya mai nauyi. Da shirin katun ya sa mutane suka ƙaunaci sojojin, sai marubutan suka rasa yadda za su yi da wannan kisa, don haka a 2014 suka kawo labarin wata 'yar na'ura da aka dasa wa kowane kwafaffe a ƙwaƙwalwa, wadda in an taɓa ta hankalinsa ke gushewa. Fives ya gano ta, aka kashe shi kafin a saurare shi. A zangon ƙarshe na 2020 Ahsoka, almajirar Anakin, ta cire wa Rex tasa, ta ƙi kashe sauran ko da suna harbinta, ta binne su bayan jirgin ya faɗi. Waɗannan gaɓoɓi suna taɓa zuciya, kuma akwai gaskiya a cikinsu, domin na'urar ta Kamino ƙanwar ta Tatooine ce. Amma a lura da abin da aka saya da abin da aka sayar. A fiƙihun Malikiyya wanda aka tilasta ya kashe wani ba ya kuɓuta, ana kama shi tare da wanda ya tilasta shi, domin ransa bai fi na wanda ya kashe ba. Abu Hanifa ya ɗora ƙisasi kan mai tilastawa kaɗai. Duka ra'ayoyin biyu suna magana ne a kan mutum mai hankali da aka matse. Na'urar ta fitar da sojan daga wannan babi ta kai shi babin wanda aka ɗauke wa alƙalami, kamar mahaukaci ko mai barci. An wanke shi daga laifi ta hanyar ƙwace masa zaɓi a sa'a mafi girma a rayuwarsa.

Wanda ya fi cin ribar wannan wanki 'yan Jedi ne. In na'ura ce ta yi kisan, to ba sauran buƙatar a tambaya ko sojojin suna da dalilin juya baya, faɗuwar Jedi ta zama makircin mugu ɗaya. Tarihi bai san haka ba. Dakarun Turkawa da halifofin Abbasiyawa suka tara sun kashe halifa Mutawakkil a 861. Mamalik, bayin soja na Masar, sun kashe sarkinsu Turanshah a 1250 suka hau mulki. A yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 bayin sarki sun auna inda maslaharsu take tsakanin Tukur da Yusufawa. Ba ɗayansu da aka dasa wa komai a ka. Mutane ne da aka ba makami aka hana 'yanci, suka yi lissafi irin na mutane, wani da gaskiya wani da zalunci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Labarin da ya girmama kwafaffu da gaske zai bar wasu su harba don biyayyar da aka raine su a kanta, wasu don haushin 'yan'uwansu da aka zubar, wasu su ƙi su mutu a kan ƙin, sannan waɗanda suka harba su rayu da nauyin abin da suka aikata. Shirin The Bad Batch ya ɗan leƙa wannan hanya ta bakin Crosshair, wanda ya ci gaba da bin Daular da Palpatine ya kafa a madadin Jamhuriya bayan an cire masa na'urar, kuma ba mamaki da ya zama mafi nauyin hali a shirin.

Abin da ya biyo bayan yaƙin shi ne ɓangaren da masu labarin suka fi faɗin gaskiya. The Bad Batch, daga 2021 zuwa 2024, ya nuna Daula ta rusa birnin Kamino, ta sallami sojojin ba fansho, Sanata Riyo Chuchi tana fafutuka a majalisar da ba su da wakili a cikinta. A shirin Obi-Wan Kenobi na 2022 an ga tsohon soja cikin ragowar sulkensa yana bara a gefen titi. Mutumin Afirka ta Yamma ya san wannan hoto. Rundunar da Baturen nan Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake kira Hausawan Glover, da yawanta bayi ne da suka gudo, kuma daga irin wannan tushe aka gina sojojin da Turawa ƙalilan suka jagoranta suka ci Sakkwato a Maris 1903. A Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin Turai suna neman haƙƙinsu. Fim ɗin 2015 kuma ya kawo Finn, wanda John Boyega, ɗan asalin Najeriya, ya fito a matsayinsa: an sace shi yana jariri, aka ba shi lamba maimakon suna, ya ƙi harbin ƙauyawa ya gudu. Wannan shi ne labarin yaran da Boko Haram ta kwashe ta ba bindiga. Amma mintoci kaɗan bayan gudunsa fim ɗin ya sa shi yana harbin tsofaffin abokan barikinsa yana sowa, kamar su ba satattun yara ba ne irinsa. Tsohuwar cutar ce ta dawo: mutum ɗaya aka cire wa hula, saura suka koma abin harbi.

Akwai mai cewa haɗa wahalar bayi na gaskiya da zanen kwamfuta raini ne ga zuriyarsu. Wannan damuwa ce mai kyau, kuma da za ta yi daidai in da maganar bauta ta mutu a cikinmu. Ba ta mutu ba. Dokar Lugard ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, amma har yau akwai gidajen da ke binciken asali kafin su ba da aure, a fasa saboda kakan kaka. A 1996, shekarar da aka haifi Dolly, aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a Jamhuriyar Nijar, kuma a yankin Birnin Ƙonni, tsallaken iyakar Illela, ta fara neman haƙƙinta. Sai a Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Tunanin da ya halatta wancan ciniki shi ne dai wanda fim ɗin 2002 ya shigar wa yara ba tare da sun ankara ba, cewa yadda aka samar da mutum shi ke yanke abin da ya cancanta. Tatsuniya makaranta ce, abin da yaro ya saba gani ana yi wa marar suna a allo, ba zai ba shi mamaki ba in ya gan shi a titi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gane haka da ya rubuta Shaihu Umar a 1934, ya bi sataccen yaro da uwar da ke nemansa har hamada, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Don haka gyaran da labarin ke buƙata ba mai yawa ba ne, amma yana da tsada ga masu son jarumai marasa tabo. A sa wani Jedi mai mutunci, wanda labarin ba zai mai da shi ɓatacce daga baya ba, ya miƙe a majalisarsu ya ce wannan runduna haram ce a gare mu, a kayar da shi da ƙuri'a, mai kallo ya ga hannuwan da suka ɗaga. A bar Anakin, wanda ya san ɗacin bauta a jikinsa, ya gane abin da yake jagoranta, wannan zai fi bayyana lalacewarsa fiye da mafarkin mutuwar matarsa. A bar wa sojojin zaɓinsu a ranar umarni, a bar musu alhakinsa. Ga marubutanmu na littattafan intanet, da masu shirya fim a Kano, da masu sa wa fina-finan waje muryar Hausa, roƙona shi ne in kun ɗauko labarin mutumin da aka ƙera don ya yi wa wasu yaƙi, ko na Star Wars ne ko naku na ƙashin kanku, ku ba shi suna da baki, kuma ku gurfanar da wanda ya biya kuɗinsa.